Kwas nawa zan ɗauka? Tsara semesta a shirin share fagen likitanci a Amurka

A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare, sai ka gama digirin farko na shekara huɗu tukuna sannan ka nemi gurbi ka ƙara wasu huɗun. To wanda ya gama digirin amma makinsa bai kai ba, ko kuma abin da ya karanta ba kimiyya ba ne kwata-kwata, yawanci sai ya bi ta shirye-shiryen nan na share fage, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana ɗibar kwasa-kwasan kimiyya kafin ya cike fom. Inda ake samun matsala shi ne ranar rijista, mutum ya zauna gaban kwamfuta cikin zumuɗi ya dinga latsa kwas bayan kwas saboda yana so kwamitin ɗaukar ɗalibai su ga shi jarumi ne, kafin Oktoba ta ƙare ka ga ya fara tambayar yadda ake ajiye kwas. Ni dai a ganina lissafin da ya kamata ka yi ba na kiredit (ma'aunin nauyin kwas) ba ne, na awanni ne, kuma ma'auninka shi ne kaya nawa za ka iya ɗauka ka fito da A, ba kaya nawa za ka iya ɗauka ka tsira da kyar ba.

Amma kafin nan ka fara sanin wane irin shiri ka shiga, don ba ɗaya ba ne kuma mutane na cakuɗa su sosai. Akwai na masu canza layi, wato wanda ya karanta tarihi ko tattalin arziki bai taɓa yin oganik kemistri ba, irin na Bryn Mawr da Goucher da ake gamawa a shekara ɗaya, ko na Jami'ar Columbia wanda tun 1955 yake. Su waɗannan kwasa-kwasan matakin digirin farko ne ake yi, bayoloji, kemistri, oganik, fiziks, kowanne da firaktikal ɗinsa. Sannan akwai mastas na musamman da ake kira SMP, wanda Georgetown ta fara a 1975, Jami'ar Boston ma tana da nata mai kiredit 32, haka Cincinnati da Tulane da Loyola ta Chicago da wasu da dama. A nan fisiyoloji da bayokemistri da histoloji ake yi a matakin ƴan ajin farko na likitanci, wani wurin ma aji ɗaya kuke zama da su, jarabawa ɗaya, kuma da matsakaicin makinsu ake auna naka.

Dalilin da ya sa wannan bambancin ya shafi zaɓen kwas shi ne yadda AMCAS ke lissafi, wato tsarin da ake cike fom ɗin yawancin makarantun MD (digirin likitanci da aka fi sani a can) ta cikinsa. Kwas ɗin matakin digirin farko da ka yi bayan ka gama, yana shiga cikin GPA ɗinka (matsakaicin maki, wanda 4.0 ne ƙololuwarsa) na digirin farko ya ɗan ɗaga shi. Na mastas kuwa layinsa daban, ko taɓa tsohon ba ya yi. Kuma ɗagawar ma ba wata mai yawa ba ce fa, ka lissafa da kanka, wanda ya gama da 3.1 a kan kiredit 120, in ya ƙara kiredit 30 duk A ba ko B ɗaya, 3.28 zai koma. Shi ya sa mai ƙaramin GPA ke tafiya SMP, ba don ya goge na baya ba, a'a, don ya ajiye sabon layi a gabansu ya ce ga abin da na yi da karatun likitanci na gaske. To ka ga ke nan in sabon layin ya fito 3.2, kai da kanka ka biya kuɗi ka kawo musu hujjar da za su ƙi ka da ita. Makarantar mastas ɗin za ta bar ka ka gama in dai kana kan 3.0, amma 3.0 ta karɓar kwali ce kawai, waɗanda ake ɗauka a MD matsakaicin GPA ɗinsu yana wajen 3.7 zuwa 3.8 ne, MCAT kuma, wato jarabawar shiga makarantar likitanci, wajen 511 ko 512. Ka riƙe wannan a ranka duk lokacin da hannunka ke ƙaiƙayin ƙara kwas.

Yanzu lissafin awanni. A ƙa'idar da ake bi a can, kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya a aji da aƙalla awa biyu na karatu a wajen aji duk sati, har tsawon sati 15 ko kusa da haka. Kiredit 15 ke nan awa 45 a sati. Wannan fa mafi ƙaranci ne, kuma gaskiya ga kwas irin fisiyoloji na likitanci bai isa ba, gara ka sa awa huɗu a kan kowane kiredit ka huta, wato 60. Sati kuma awa 168 ne ba ƙari. Cire barci, awa bakwai sau bakwai 49, saura 119. Cire wanka da girki da cin abinci da ibada da zirga-zirgar bas da wanki da kiran gida, a ce awa huɗu a rana, 28, saura 91. Cire 60 ɗin karatu saura 31, kuma a cikin 31 ɗin nan ne kake so ka saka aikin neman kuɗi, da aikin sa-kai a asibiti, da bin likita kana kallon yadda yake aiki, da bincike a dakin gwaji, da MCAT, da hutu, kuma ba mu sa ranar da mura za ta kwantar da kai ba. Ka rubuta wannan a takarda da biro kafin ka buɗe shafin rijista, wlh yana sanyaya zumuɗi.

In makarantarku ba semesta take yi ba, zango huɗu take raba shekara, to ka sani kowane zango sati 10 ne kawai kuma kiredit ɗinsa biyu bisa uku ne na kiredit ɗin semesta, lambar za ta yi kama da babba ko ƙarama amma abin lura shi ne saurin, sati na uku ko na huɗu an fara tes. Wasu kuma dunƙule kwas suke yi, a yi zuciya da jijiyoyin jini sati kaɗan a yi jarabawa a wuce huhu, a irin wannan tsarin rashin lafiyar kwana huɗu ma babban gibi ne.

Kuma ba duk kiredit ne nauyinsu ɗaya ba, nan ne ya kamata ka tsaya ka yi dogon tunani. Kwasa-kwasan nan kusan gida uku suke. Akwai na hadda zalla, anatomi, histoloji, famakoloji, maikurobayoloji, inda abin ba wuyar fahimta ba ne, yawa ne kawai, sunan jijiya da inda ta taso da inda ta nufa da abin da take motsawa. Akwai na fahimta, fisiyoloji da imunoloji da wani sashe na bayokemistri, inda za a ce maka jini ya zuba mutum ya rasa lita ɗaya, me zai faru da bugun zuciya, me ƙoda za ta yi, kuma in ba ka gane yadda abin ke tafiya ba ko ka haddace littafin ba za ka amsa ba. Sai na lissafi da rubutu, ƙididdigar lafiya, ilimin yaɗuwar cututtuka, ɗa'ar aikin likita, semina. Haɗin da ya fi dacewa a semesta ɗaya shi ne babba ɗaya na fahimta, babba ɗaya na hadda, sai ƙanana ɗaya ko biyu daga gida na uku. Anatomi da histoloji da famakoloji a semesta ɗaya kam, in kana da zaɓi, kar ka yi, duk ƙwaƙwalwa ɗaya suke nema kuma a lokaci ɗaya.

Ka kula da masu firaktikal musamman, don su ne ke ɓoye nauyinsu. A takarda za ka ga histoloji kiredit 3 ko 4 ka ce ai ƙarami ne, sai ka shiga ka tarar awa nawa za ka yi kana kallon hotunan nama da aka rina ruwan hoda da shuɗi-shuɗi, duk sun yi maka kama ɗaya, kana ƙoƙarin raba hanji ƙarami da babba ta hanyar ƴan tsirarun alamomi. Anatomi mai gawa ya fi haka, jarabawarsa a tsaye ake yi, an soka ƴar allura mai lamba a jikin wata jijiya siririya, kana da kamar minti ɗaya ka rubuta sunanta, ƙararrawa ta buga ka matsa tebur na gaba ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Wannan ba a shirya masa a ɗaki da littafi, sai ka koma dakin da yamma ko ranar Asabar ka tsaya a kan gawar, kuma waɗannan awannin babu su a lissafin kiredit.

Ga wani lissafi da zai nuna maka inda za ka zuba ƙarfinka. A ce ka ɗauki kiredit 15, fisiyoloji 5, bayokemistri 4, histoloji 3, ƙididdiga 2, semina 1. Ka samu A- a bayokemistri wanda 3.7 ne, sauran ƙananan uku duk A. In fisiyoloji ya zo A, GPA ɗinka 3.92. In ya zo B, 3.59. In ya zo C, 3.25. Kwas ɗaya ne fa ya yi wannan wasan da kai. Semina kuwa ko ta faɗo daga A zuwa B, 0.07 kawai za ta ci maka. Amma sai ka ga ɗalibi ya kwana biyu yana ƙawata gabatarwar semina da launuka saboda ita ce mai daɗin yi, lakcocin ƙoda guda shida suna jiransa bai buɗe ba. Lokacinka ya bi nauyin kiredit, ba ya bi abin da ya fi maka sauƙi ba.

Kada kuma ka wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Wani in ya ji wannan sai ya ce to shikenan bari in ɗauki kwas biyu masu sauƙi duk semesta in tara 4.0. Kwamitin nan ba yara ba ne, abin da suke so su gani shi ne ko za ka iya jure kayan makarantar likitanci, kuma AMCAS tana ware makin bayoloji da kemistri da fiziks da lissafi daban da sauran, ana kiran shi BCPM. 4.0 da aka tara da kwasa-kwasan manufofin lafiya da semina ba ta amsa tambayar da suke yi. Don haka ko da za ka fara da sauƙi, ka tabbata akwai aƙalla semesta ɗaya, gara ma biyu, da ka ɗauki cikakken kaya na kimiyya mai tauri kuma ka yi kyau. In kana aiki cikakken lokaci kana da iyali, ɗaukar kwas biyu masu nauyi ka ci su da kyau abu ne da ake fahimta, sai dai ka bayyana shi a fom ɗinka, kar ka bari su yi zato.

Sai MCAT, wadda ita ce ke rusa wa mutane semesta fiye da komai. Jarabawa ce ta kusan awa bakwai da rabi, tambaya 230, sashe huɗu, maki daga 472 zuwa 528 tun da aka sabunta ta a 2015. Sau uku kawai za ka iya yin ta a shekara, sau huɗu a shekara biyu a jere, sau bakwai a rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk zaman da ka yi wanda aka ba ka maki. Shirinta watanni ne, ga gwajin cikakkiyar jarabawa da ke cinye yini guda sur, washegari kuma ka zauna bitar kurakurai. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, in ka haɗa ta da semesta mai kiredit 15 na SMP, abin da aka fi gani shi ne duka biyun su fito tsaka-tsaki. Ko dai ka gama da ita kafin ka fara shirin, ko ka bar ta sai bayan ka gama a watan Mayu ka ba ta bazara, lokacin ma bayokemistri da fisiyoloji suna nan daram a kanka. Ana yin ta tsakanin Janairu da Satumba, sakamako na ɗaukar kusan wata guda, kuma yawancin makarantu ba sa karɓar makin da ya wuce shekara biyu ko uku, to ka duba kar naka ya tsufa kana tsakiyar mastas. In dole ce ta sa sai a semesta ta biyu za ka yi, to ka rage kiredit ɗin semestar tun daga rijista, kar ka ce za ka gani.

Lokacin cike fom shi ma yana canza tsarin. AMCAS tana buɗewa a watan Mayu, ana fara turawa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma makarantu da yawa suna ɗauka ne a hankali a hankali, wanda ya riga turawa ya riga shiga layi. In ka tura fom a bazarar da za ka fara shirin, to makin semestar farko ne kaɗai zai isa gare su da wuri, wajen Disamba ko Janairu, ga kuma fom na biyu da kowace makaranta ke aiko maka da tambayoyin rubutu, ga intabiyu da ka iya faɗowa ana saura kwana biyu tes. A wannan yanayin semestar farko ita ce komai, kar ka ɗora mata ko ɗan ƙarin da bai zama dole ba. In kuwa sai ka gama za ka tura, za ka yi shekara guda kana jira, amma duk makinka na gabansu kuma kana da damar ka fara a hankali ka ƙara nauyi a semesta ta biyu, wanda ma yana da kyau a ido, maki yana hawa kaya suna ƙaruwa. Masu neman DO, wato ɗaya digirin likitancin na Amurka, ta tsarin cike fom na AACOMAS suke bi, makarantun gwamnati na Texas kuma TMDSAS, kowanne da ranakunsa. Kuma a daina dogara da tsohon zancen nan na cewa in ka sake kwas sabon maki zai goge tsoho, AMCAS duka biyun take lissafawa, AACOMAS ma ta daina gogewa tun 2017.

To a aikace, satin farko ga abin da za ka yi. Yawancin makarantu suna ba da sati ɗaya ko biyu na ƙara kwas ko cire shi ba tare da ya bar alama a takardar sakamako ba. Ka karɓi manhajar kowane kwas, ka buga su a takarda, ka shimfiɗa a tebur da kalanda, ka sa jan biro a duk ranar tes da firaktikal da ranar miƙa aiki. In ka ga sati ɗaya ya ɗauki manyan jarabawa uku, kuma hakan ya maimaitu, to ka san akwai wanda zai tafi. Ka duba kuma yadda ake raba makin, kwas ɗin da jarabawa biyu ce kawai ke yanke hukunci ya fi haɗari a kan wanda ke da tes shida ƙanana. Sannan ka nemi waɗanda suka yi shirin bara, ba ɗaya ba, ka tambaye su awa nawa kwas kaza ya ci musu a sati, don mai ba da shawara na makaranta abin da ke rubuce zai faɗa maka, su kuma abin da ya faru. In shirinku irin wanda komai a tsare yake ne ba ka da zaɓi sai kwas ɗaya ko biyu, to abin da za ka daidaita ba kwas ba ne, sauran rayuwarka ce, aikin sa-kai ya koma awa uku ko huɗu a sati, bincike ya jira.

Bayan wannan wa'adin ya wuce, ajiye kwas yana barin harafin W a takardarka. W ɗaya da dalili ba ta kashe mutum, kuma ta fi C ko D nesa ba kusa ba tunda ba ta shiga GPA, amma in suka jeru sai su zama labari. Ka san ranar ƙarshe ta janyewa tun farko ka rubuta ta. Alamar da za ka duba ba yadda kake ji ba ce, kowa a shirin nan ji yake yana nitsewa, ka duba abin da ake ƙirgawa. Lakcocin da aka ɗauka a bidiyo nawa ne suka taru ba ka kalla ba, in sun wuce na kwana uku kuma ƙarshen sati bai share su ba, akwai magana. Katunan haddarka na manhajar Anki kullum ƙaruwa suke kana tsallakewa? Tes ɗin farko ka faɗo ƙasa da matsakaicin aji a kwas biyu? To ka je wurin malamin a awannin ofis ɗinsa a satin nan, ba bayan tes na biyu ba, ka nemi mai koyarwa na ƙari in makarantar na bayarwa, sannan ka yanke abin da za ka sauke, aiki ko kwas.

Sai dai kafin ka sauke kwas ka duba abu biyu. In da bizar karatu ta F-1 kake, dole ka kasance ɗalibi na cikakken lokaci, wanda a matakin mastas yawanci kiredit 9 ne, a matakin digirin farko 12, kuma kwas ɗaya ne kawai na intanet, kiredit 3, ake ƙirgawa a ciki. Ka faɗo ƙasa da haka ba tare da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba tun kafin ka janye, ka taɓa matsayin bizarka, wannan kuma ya fi C muni. Aiki ma awa 20 ne iyaka a sati a cikin makaranta lokacin da ake karatu. Ga ɗan ƙasar waje akwai ƙarin magana, makarantun likitanci da ke ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da katin zama na dindindin kaɗan ne, da yawansu kuma suna so ka yi wani ɓangare na karatunka a Amurka ko Kanada, to ka duba sharuɗɗan waɗanda kake hari tun kafin ka zaɓi kwas, kar ka gama mastas a ce maka oganik kemistri ɗinka na waje ba a karɓa. In kuma ɗan ƙasa ne kai kana cin bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda na mastas yake dala 20,500 a shekara, sai kana aƙalla rabin lokaci ake ba ka, kuma yawan janyewa na iya sa a ce ba ka cika sharaɗin ci gaban karatu ba a tsayar da kuɗin. Haka in shirinku na da yarjejeniya da wata makarantar likitanci ta ba da intabiyu ga wanda ya kai wani maki, ka karanta sharaɗin da kyau, sau da yawa an rubuta cewa sai ka gama kwasa-kwasan a kan lokaci da cikakken kaya, janyewa daga kwas ɗaya tak na iya fitar da kai daga ciki ko da GPA ɗinka ya kai.